Karachaganak: abin da ya sa ake mayar da gas cikin ƙasa

Filin gas da mai na Karachaganak yana arewa maso yammacin Kazakistan, dab da iyakar Rasha. An gano shi a 1979, aka fara fitar da arzikinsa a 1984. Gas ɗin yana cikin dutsen farar ƙasa, a zurfin da ya kai wajen mita 5,000, ƙarƙashin gishiri mai kauri. Abin da ya fi kawo kuɗi a wurin shi ne kondenset, mai mara nauyi da yake narke cikin gas muddin matsin ƙasa bai ragu ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Kowane irin wannan gas yana da iyakar matsi wadda in aka sauko ƙasa da ita, kondenset zai fara rabuwa ya zama ruwa tun yana cikin dutse. Wurin da matsi ya fi faɗuwa kuwa shi ne kewayen rijiya can cikin dutse, don haka can ruwan yake taruwa, ya toshe ƙananan kofofin dutsen da gas ke bi. Asarar biyu ce: rijiya ta rage bayarwa, man da ya maƙale kuma akasarinsa ba ya fitowa. Wanda ya buɗe rijiya gaba ɗaya don ya ga kuɗi da wuri, shi ya fi kowa asara.

Shi ya sa tun farko ake ɗaukar samfurin gas ana jan rijiyar a hankali, a kai ɗakin gwaji a gano iyakar. In aka ja da ƙarfi lokacin ɗauka, samfurin zai zo da ƙarancin mai, duk lissafin da aka ɗora a kansa ya karkace.

Maganin da aka zaɓa a Karachaganak shi ne a raba mai da gas a sama, a cire wa gas ɗin ruwa, sannan manyan injinan matsi su tura kaso mai yawa ya koma ƙasa da ƙarfin da ya kai bar 550 (bar ma'aunin matsi ne), domin a hana matsin ƙasa faɗuwa da sauri. Wani kason kuma ana aika shi matatar Orenburg ta Rasha. Sai dai dutsen ba iri ɗaya ba ne. Inda akwai tsaga, busasshen gas kan bi ta nan ya ɓullo a rijiyar da ke fitarwa bai kora mai ko kaɗan ba, a yi ta ƙona wuta a banza. Alamar ita ce gas ya ƙaru, mai ya ragu. Rijiyoyin da ake haƙawa a kwance suna taimakawa, domin suna shan dutse mai tsawo ba tare da matsi ya faɗi sosai a wuri guda ba.

Gishirin ma ba kanwar lasa ba ne. A irin wannan zurfi yana motsi a hankali, ya matse bututu har ya lanƙwasa shi. Dole lakar da ake zubawa cikin rami lokacin haƙa ta yi nauyi kuma ta ƙoshi da gishiri ko ta zama ta mai, in ba haka ba ta narkar da bangon ramin, siminti ya ƙi zama daidai.

Ga kuma iska mai guba da ake kira H2S, wajen kashi 4 cikin ɗari na gas ɗin. Kashi 0.1 kacal ya isa ya kashe mutum cikin 'yan numfashi. Tana fasa ƙarfe mai tauri in da danshi, don haka ake busar da gas kafin ya shiga injin matsi, ake kuma sa bututu mai haɗin nikel da kuromiyam a rijiyoyin da suka fi yawan wannan iskar.