Sati uku da Linux Mint a kan tsohuwar laftof

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan koyo. Yau kwana ashirin da ɗaya ke nan da na ɗora Linux Mint, babbar manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kan laftof ɗina, to ga inda aka kwana.

Kwamfutar ta hannu ce, na saye ta a Sabon Gari shekarun baya: Core i5 zubi na huɗu, RAM 4GB, batirin kuwa ya mutu murus, ana zare caja take ɗaukewa. Wa'adin aiko wa Windows 10 da gyara ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana son guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Tawa ba ta kai ba, kuɗin sabuwa kuma babu su babu dalilinsu. Shi ya sa na ɗauki Mint 22 mai fuskar Xfce, don ta fi mai fuskar Cinnamon rashin nauyi, kuma za a ci gaba da aiko mata da gyara har 2029. Mint a kan Ubuntu aka gina ta, Ubuntu a kan Debian, dukkansu kuma zuciyarsu ita ce Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Amfanin sanin wannan salsala shi ne, yawancin maganin da aka rubuta don Ubuntu yana yi wa Mint aiki.

Fayil ɗin Mint ya kusa 3GB, da datar dare na sauke shi. Na zuba shi a filashi da manhajar Rufus, na kwashe takarduna da hotuna zuwa wani waje, na danna F9 wajen kunnawa don kwamfutar ta tashi daga filashin. A Dell F12 ce.

Nan ne na yi wauta, kuma ita nake so ku guje wa. Mint tana tashi daga cikin filashi ba tare da ta taɓa komai a kwamfutar ba, don mutum ya gwada sauti, kyamara, firinta da wayafai kafin ya yanke shawara. Ni ina ganin allo ya haska, linzami yana motsi, sai ɗoki ya kwashe ni. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne ban ɗora a gida ba, don kwamfutar da ba batir idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar raba faifai, sai dai innalillahi. Na ɗauke ta zuwa shagon yayana a Samaru, inda yake da sola. Minti ashirin da 'yan kai aka gama. Na kunna, na duba ƙasan allo, babu alamar wayafai ko ɗaya. Yaya ya leƙo ya ce, "Kai da ka ce abin kyauta ne, ga kyautar nan ka gani." Na ce, "Yaya, ara min igiyar cajarka." Na jona wayata da kwamfutar ta USB, na kunna raba intanet ta igiya, nan take Mint ta gane ta ba tare da an roƙe ta ba. Na buɗe Driver Manager, ya nuna direban katin wayafai yana jira, na danna, na kashe na kunna, sai ga sunayen netwok sun jeru. Da na gwada tun daga filashi, da ban sha zolayar Yaya ba.

Ban goge Windows ba tukuna, na bar su biyun a faifai ɗaya, ina zaɓa wajen kunnawa. Wannan ya haifi wani abin dariya. Ranar da na koma Windows, agogonta yana nuna ɗaya saura alhali masallacin unguwarmu na ta kiran azahar biyu saura. Dalili: Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Layi ɗaya ya sasanta su: timedatectl set-local-rtc 1. Shi ne karo na farko da na rubuta wani abu a baƙin allon nan na rubuta umarni, wato Terminal, hannuna bai yi rawa ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ne abin da ya fi burge ni. A jerin allon rubutu akwai Hausa ta Najeriya, ba sai an sauke komai ba. Ni dai a LibreOffice, madadin Microsoft Office, na fi sabawa da rubuta lambar harafi in danna Alt da X: 253 ta zama ɓ, 257 ta zama ɗ, 199 ta zama ƙ. Kwana biyu suka zauna min a ka.

Inda har yanzu ake fama shi ne takardun Word. LibreOffice tana buɗe docx lafiya lau, amma idan babu Times New Roman sai ta sa Liberation Serif a madadinsa, wani lokacin kuma tebura kan goce. Na gyara wa ƙanwata babi na uku na furojet ɗinta, ta kai bizines santa a Kongo, teburin ƙarshe ya tsallaka wani shafi, ta dawo tana huci. Yanzu na sa ttf-mscorefonts-installer mai kawo salon rubutun Microsoft irin su Times New Roman, kuma duk abin da za a kai bugawa sai na mayar da shi PDF tukuna.

CorelDRAW ba ta da sigar Linux, ita kaɗai ce ta hana ni share Windows. Na sauke Inkscape, manhajar zane irin Corel, jiya, na kuma kunna Timeshift ya ɗauki hoton tsarin kafin in fara taɓe-taɓe. Akwai katin ɗaurin auren wani abokina da za a yi bayan sati biyu, da shi zan gwada Inkscape, in ta ƙi in koma Corel kafin ango ya ji labari.