Asabar a gida, ni da Kawu da John Hurt

Ruwa aka kwana ana yi, ba wanda ya je gona sai da hantsi ya dubi ludayi. Na zauna a zaure da Kawu yana gyaran ƙotar fartanya, na kunna waƙoƙin da suka hana ni sakat tun farkon damina: faya-fayan da Mississippi John Hurt, wani mawaƙi mai jita baƙar fatar Amurka, ya yi a 1928. Kawu ba ya jin Turanci, bai kuma taɓa damuwa da kiɗan jita ba, amma ya ajiye wuƙar ya kasa kunne. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Su biyun nan sun san hannun juna." Na ce, "Kawu, mutum ɗaya ne." Bai yarda ba sai da na nuna masa da yatsuna: babban yatsa yana kai da komo a kan tsirkiyoyi masu kaurin murya, ba ya tsayawa, sauran yatsu kuma suna ɗauko karin waƙar daga sirara. Muryarsa a hankali take, kamar mai hira da maƙwabci ta kan danga.

Daga nan hira ta koma kan mutumin. A Avalon ya tashi, wani ɗan ƙauye a jihar Misisipi ta Amurka, ya koya wa kansa jita tun yana yaro, ya girma yana noman auduga da masara a gonar wasu, a raba amfani. Kiɗa na daren biki ne da taron unguwa. Wani mai goge farar fata da suke wasa tare, Willie Narmour, shi ya faɗa wa mutanen kamfanin faya-fayai na Okeh sunansa. A Fabrairun 1928 suka ɗauki waƙoƙinsa a Memfis, a Disamba suka kira shi Niyok. Abin da ya rage mana daga wannan shekara waƙa 13 ne, kowace kusan minti uku, iyakar abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho ke ɗauka ke nan. Faya-fayan ba su yi kasuwa ba, tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, shi kuma ya koma gona.

Bayan azahar na bi mutanen gida aikin shema a gonar gero. Ban daɗe ba tafin hannuna ya fara zafi, sai tunanin yatsun mutumin nan ya dawo mini. Shekara 35 yana noma da kiwon shanun wani, ba wanda ya sake ɗaukar muryarsa. Duk da haka, wanda ya saurari abin da ya buga a 1963, yana da kimanin shekara 70, zai ji hannun yana nan yadda yake, in ma bai ƙara laushi ba. Wannan ne ke riƙe ni a labarinsa. Masu rubutu suna son su ce ya ɓace aka gano shi. Ni ban ga inda ya ɓace ba. Yana garinsu, maƙwabtansa sun san ƙofar gidansa, yana yi musu kiɗa ran Asabar. Masu sayen faifai ne ba su san inda yake ba, kuma bai daina bugawa don sun manta da shi ba.

Yadda aka kai gare shi ma daga bakinsa ya fito. Lokacin da yake Niyok cikin sanyin Disamba, kewar gida ta sa ya yi "Avalon Blues", inda ya ce Avalon ne garinsu kuma kullum yana ransa. A 1952 aka saka waƙoƙinsa biyu cikin wani tarin tsofaffin faya-fayai, samari masu koyon jita suka haukace a kansu, da yawa suna zaton ya rasu. Wani daga cikinsu, Tom Hoskins, ya bi sunan garin da ke cikin "Avalon Blues", ya tuƙa mota har can a 1963. An ce da tsohon ya ga baƙon Bature a ƙofarsa, ya ɗauka ma'aikacin gwamnati ne ya zo da wata fitina. Baƙin mutum a Misisipi ta wancan zamani yana da dalilin wannan tsoro. A shekarar ya hau dandalin bikin waƙoƙi na Newport, aka kuma ɗauki waƙoƙinsa masu yawa a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Bayan sallar isha'i na ƙarasa wa Kawu labarin: shekara uku kacal ya yi yana yawo jami'o'i da gidajen shan kofi, ya zauna Washinton, birni bai karɓe shi ba, ya koma Misisipi ya rasu a garin Grenada ran 2 ga Nuwamba 1966. Kawu ya ce da sun bar dattijo a gidansa. Ban yarda da shi ba, don shekarun nan uku ne suka ba mu yawancin abin da muke ji nasa, shi ma ya ga dubban mutane sun yi tsit dominsa kafin ya bar duniya. Na faɗa masa cewa ɗan gidan katakon da ya zauna, wanda aka mayar gidan tarihi, gobara ta cinye shi a 2024. Ya yi salati, ya tambaya ko ya bar jikoki. Na ce ya bari, jikarsa ce ma ta kafa gidan tarihin. Ya ce gobe kafin in kama hanyar Zariya in sa masa na tsufan, yana so ya gwada da kunnensa.