Motar da na tuƙo daga Toronto zuwa Kalgari da abin da ta ja min

Duk wanda yake lardin Ontariyo a Kanada yana shirin komawa lardin Albata, don girman Allah kafin ya loda kaya ya fara kai motarsa gareji a ɗaga ta sama a leƙa ƙarƙashinta, ko kuma ya sayar da ita can kawai ya hau jirgi da iyalinsa. Har yau in na tuna kuɗin da tsohuwar motar nan ta cinye min sai raina ya ɓaci, kuma abin haushin mutanenmu da yawa sun yi wannan ƙaurar kafin ni amma ba wanda ya ce min uffan.

Abin da ya tashe mu daga Toronto ta Ontariyo zuwa Kalgari ta Albata kowa ya san shi, kuɗin haya ne, kana aiki biyu amma mai gida ne ke cin albashin. Ga haraji, duk abin da ka saya a Ontariyo sai an ɗora kashi 13, a Albata kuwa kashi 5 na tarayya kawai ake karɓa, lardin ba ya ƙara nasa. Wani ɗan uwa da ya riga mu komawa kullum sai ya kira, "Malam ku taho mana, ai duk ƙasa ɗaya ce, ka zuba su Hajiya da yara a mota ka kamo hanya." Wannan "ƙasa ɗaya ce" ɗin ita ta kai ni ta baro.

Hanyar kanta sai wanda ya bi. A taswira kowa ya san Kanada ce ta biyu a faɗi bayan Rasha, ta ninka Najeriya fiye da sau goma, mutanenta kuma miliyan 40 ne da 'yan kai, amma ba ka gane ma'anar hakan sai kana riƙe da sitiyari. Toronto zuwa Kalgari wajen kilomita 3,400 ne, kuma kusan 2,000 daga ciki duk a cikin Ontariyo kake, wato kamar ka je Legas daga Kano ka juyo ka dawo amma ba ka fita daga lardi ɗaya ba. Kana wuce Sudbury, garin ma'adinin nikel, gari ya fara ƙaranci, sai dutse da itatuwa da tafkuna, titin ma falle ɗaya ne zuwa da dawowa a wurare da dama, in ka faɗa bayan tirela sai haƙuri har ka samu wurin wucewa. Gefen tafkin Superior kuwa ruwa ne ba ka hango ƙarshensa, yara suka dage wai teku ne. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, ga alluna ko'ina ana gargaɗi kan dabbar nan muus da ta fi doki tsayi, shi ya sa magariba na yi muke neman masauki, ban yarda da tuƙin dare ba. In ka ga gidan mai ka cika tanki, kar ka ce sai na gaba.

Daga Manitoba ƙasa ta miƙe shafal, gonakin alkama da kanola har Saskacewan, ba abin ba da labari. Agogo ya ja baya da awa biyu kafin mu isa. Lafiya lau muka sauka, motar ko tari ba ta yi ba, har ina yabonta.

Toh sai maganar lamba. A Albata ka zama mazauni, ana ba ka kwana 90 ka canza lasisin tuƙi da rajistar mota. Lasisin ba matsala, na miƙa na Ontariyo aka ba ni nasu. Da na ce a ba ni lambar mota sai matar ta ce ina takardar binciken motar da aka shigo da ita daga wani lardi? Na ce wane bincike, ai daga Toronto na zo ba daga Kwatano ba. Ta yi murmushi ta ce dole sai garejin da gwamnatin lardi ta amince da shi ya duba ta tas tukuna. Wai lardunan yamma da ke maƙwabtaka da su akwai sassauci tsakaninsu saboda yarjejeniyar da suka ƙulla, Ontariyo ba ta ciki.

Na kai ta. Makanikin ya ɗaga ta sama, ya yafito ni da hannu ya ce zo ka gani. Ya haska fitila, ya ɗauki sukundireba ya ɗan soki ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, wallahi sai ga shi ya shige, tsatsa ja tana zubowa a kan takalminsa. Ya bi bututun birki da yatsa, duk ya kumbura ya yi ɓawo. Bai ma tambaye ni ba ya ce daga Ontariyo ko? Wai gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cin motocinsu ta ƙasa, sama fes ƙasa ruɓaɓɓe. Da ya rubuto lissafin gyara sai da na nemi kujera na zauna, ya kusa kuɗin da na sayi motar gaba ɗaya. Sayarwa ma ba ta yiwu da daraja, wa zai sayi motar da ba za a ba ta lamba ba? Ga shi Kalgari gari ne mai faɗi, aikin da nake nema ba ya yiwuwa ba mota. Kuɗin da muka ware na hayar watannin farko da kayan sanyin yara, su na kwasa na ba gareji. Hajiya ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Ina cikin wannan sai na gano lasisina na aikin gadi ma na Ontariyo ne kawai, a nan sai na nemi nasu. Katin asibiti shi ma haka, na Albata ba ya fara aiki sai ranar farko ta wata na uku, kafin nan na tsohon lardinka ne ke ɗaukar ka, don haka kar ka jefar da shi. Inshorar mota ma kowa da tsarinsa, a Manitoba da Saskacewan hukumar gwamnati ce ke yi, a Albata da Ontariyo kamfanoni ne.

Haushi ne ya sa na zauna na karanta yadda aka haɗa ƙasar, don na kasa gane dalilin da takardar Toronto za ta zama banza a Kalgari. Ashe tun ranar 1 ga Yuli 1867 da larduna huɗu suka haɗu, Ontariyo da Kebek da Nova Scotia da New Brunswick, aka raba aiki, tarayya ta riƙe soja da kuɗi da kan iyaka, su kuma larduna suka riƙe makarantu da asibitoci da harkar dukiya da sana'o'in cikin gida. Sauran daga baya suka shigo ɗaya bayan ɗaya, Manitoba 1870, British Columbia 1871 bisa alƙawarin za a kai mata layin dogo, wanda sai 1885 aka gama, Albata da Saskacewan 1905, Newfoundland ma sai 1949. Yanzu larduna 10 ne da yankuna 3 a can arewa. Kowane lardi da majalisarsa da firimiyansa da wakilin Sarkin Ingila nasa, don har gobe Sarki Charles ne shugaban ƙasa a takarda, firaminista a Ottawa shi ke mulki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai. Mu mun saba mai na tarayya ne, a tara a Abuja a raba duk wata, jihohin da ake haƙowa a ba su kashi 13. A nan tun 1930 aka miƙa wa Albata ikon ma'adinanta, a 1947 aka samu mai a Leduc kusa da Edmonton, ga kuma yashin mai na Fort McMurray, kuɗin haƙar lardin ke karɓa. Shi ya sa suke iya zama ba harajin sayayya nasu, kuma shi ya sa in farashin mai ya faɗi garin gaba ɗaya sai ya yi sanyi, a yi ta sallamar ma'aikata. Kuma ba sa ga maciji da Ottawa. Ka zauna da dattijon Albata ka ambaci tsarin makamashin da firaminista Pierre Trudeau ya kawo a 1980, ka ga yadda fuskarsa za ta canza, ko ka taɓo kuɗin daidaito da tarayya ke ba lardunan da ba su da ƙarfi, Kebek ta fi kowa samu, su kuwa rabon da su karɓa tun shekarun 1960. Mutanen da ke jin kansu haka, ina za su yarda da binciken motar wani lardi?

Duk wannan karatun bai dawo min da ko sisi ba. Da na san haka tun a Toronto zan sayar da ita yadda take, in zo nan in sayi wadda ke da lambar Albata, motocinsu ba su cika tsatsa haka ba, sai dai gilashin gaba da tsakuwar titi ke fasawa, kusan kowa da tsagarsa yake yawo. Ɗan uwan nan da na faɗa masa sai cewa ya yi "af, ai ni jirgi na biyo." Ban kula shi ba sai da muka haɗu a masallacin Juma'a.

Wani yaro ya turo min saƙo wai shi Montreal ta lardin Kebek zai koma daga Winifeg ta Manitoba, ko akwai abin da zai shirya. Na ce masa ya tambayi hukumar motocinsu tun kafin ya tashi, ya kuma san cewa Kebek tun 1977 suke da dokar da ta sa Faransanci a gaba a wurin aiki da makarantun yara, harajin shekara ma takarda biyu zai riƙa cikewa, ta tarayya daban ta lardi daban. Motarsa kuwa na ce ya kwanta ƙarƙashinta da fitilar waya ya ɗauko min hoto tukuna.