Daga Tokiyo Zuwa Los Anjeles: Tazara Ɗaya, Lokaci Daban

Jirginmu ya tashi daga filin jirgin saman Narita da ke kusa da Tokiyo da misalin ƙarfe 5 na yammacin wata Talata, a tsakiyar hunturu. Kafin tafiyar na duba cewa tazarar da ke tsakanin birnin da Los Anjeles ta kai kimanin kilomita 8,800, don haka na ɗauka zuwa da dawowa duk lokaci guda za su ci.

Ba mu jima da barin gaɓar Japan ba duhu ya rufe tekun Pasifik, sai na mayar da hankali kan ƙaramin allon da ke jikin kujerar gabana. Irin wannan jirgi yakan yi gudun kusan kilomita 900 a awa, amma allon ya nuna mun haura 1,000. Dalili shi ne wata ƙaƙƙarfar iska da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, wajen nisan kilomita 10 daga ƙasa, kuma tana ƙara ƙarfi a lokacin hunturu. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya gano ta tun a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin tafiyarsu. Ita ce ta riƙa tura mu ta baya har muka sauka cikin awa 10.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne agogo. Tokiyo tana gaban Los Anjeles da awa 17 a wannan lokaci na shekara, kuma cikin dare mun tsallaka layin da kwanan wata ke sauyawa a kansa. Saboda haka muka sauka da ƙarfe 10 na safiyar Talatar nan da muka baro da yamma, na sake ganin hantsinta da idona, jikina kuwa yana ta neman barci.

A dawowa aka karɓi bashin. Matuƙin ya karkata arewa, ta kusa da Alaska da tsibiran Alushiya, abin da a taswirar allo ya yi kama da zagaye, alhali saboda duniya ƙwallo ce, hanya mafi kusa tsakanin biranen biyu dama ta arewa take lanƙwasawa, kuma hakan na rage karo da iskar gaba da gaba. Duk da haka sai da muka shafe kusan awa 12 a sama, rana ba ta faɗi ba tsawon tafiyar. Mun tashi da tsakar ranar Asabar, muka taka ƙasar Japan da yammacin Lahadi, ban ga daren Asabar ɗin ba ko kaɗan.