Godiya ga Matashin da Ya Ceto Takardun Makarantarmu a Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, na rubuta wannan saƙo ne a madadin ofishin makarantarmu ta Islamiyya da ke Aboabo a Kumasi, domin miƙa godiya a bainar jama'a ga matashin nan ɗan Asawase mai duba mana kwamfutoci, wanda ya fitar da mu daga halin da muka shiga a makon jiya, lokacin da na kasa shiga asusuna na kwamfuta alhali lissafin albashin malamai da sakamakon jarrabawar yara duk suna ciki.

Wuta ce ta ɗauke da yamma ina cikin fita daga asusun. Washegari na sa kalmar sirri daidai, amma Windows ta ce ba za ta iya loda furofayil ɗina ba, wato ma'ajiyar saitukana da takarduna, ta mayar da ni allon farko. Na koma kwamfutar abokiyar aikina, ita kuwa ta buɗe mini, sai dai allon fayau yake, babu folda ko ɗaya daga cikin nawa. Masu ba da shawara suka ce a wanke kwamfutar baki ɗaya a huta.

Shi kuwa tun a waya ya ce, "Hajiya, don Allah kada ku bari a goge komai, kuma kada ku ajiye aiki a wannan allon da ya buɗe, furofayil ne na wucin gadi, da zarar kun fita Windows za ta share abin da ke cikinsa."

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa gyara ba sai da ya gano inda cutar take. Ya sa abokiyar aikina ta shiga kwamfutata da asusunta, ta shiga lafiya, wanda ya nuna na'urar da wayar sadarwa ba su da laifi. Ya duba asusuna a saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, cikin Active Directory mai riƙe da jerin asusun masu shiga, ya tarar ba a kulle shi ba. Sannan ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanin abubuwan da suka faru, ya nuna mini da yatsa lamba 1511, wadda Windows ke rubutawa idan ta shigar da mutum da furofayil na wucin gadi. A nan ya bayyana mini cewa furofayil ɗinmu mai yawo ne, ana ajiye shi a saba cikin folda mai ƙarewa da .V6, kuma duk lokacin da mutum ya fita sai kwamfuta ta mayar da shi can. Wutar ta katse wannan aikin ne a tsakiya, fayil ɗin NTUSER.DAT mai riƙe da saitukana ya lalace, shi ya sa matsalar ke bin sawuna duk kwamfutar da na je.

Kafin ya taɓa rajista, wato kundin saitukan Windows, sai da ya shiga da asusun mai gudanarwa, ya kwafe takarduna kaf zuwa wani faifai, ya kuma adana kwafin rajistar kanta. A ƙarƙashin ProfileList, sashen rajista mai jerin furofayil, ya tarar da lambar asusuna mai farawa da S-1-5-21 har sau biyu, ɗaya da .bak a ƙarshenta. Ya gyara sunayen, ya mayar da State, lambar da ke nuna halin furofayil, zuwa 0, amma saba ta sake turo lalataccen fayil ɗin. Bai nuna gajiya ba, ya sauya wa foldar da ke saba suna maimakon ya goge ta, ya cire tsohuwar lambar asusun daga ProfileList, ya bar Windows ta gina mini sabon furofayil, sannan ya dawo da takarduna ya bar NTUSER.DAT a baya. Saitin firinta da hoton allo kawai na rasa, su ma ya mayar kafin sallar magariba.

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya saka wa iyayenka da alheri. Ina kuma godiya ga shugaban makaranta da malamanmu da suka yi haƙuri da jinkirin albashi ba tare da ƙorafi ba, da kuma Alhajin nan daga cikin iyayen yara da ya kawo mana na'urorin UPS masu riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ɗaya ga saba, ɗaya ga kwamfutar ofis. An biya albashi, kuma iyaye za su iya zuwa karɓar sakamakon 'ya'yansu daga ranar Litinin in Allah Ya kai mu.