Wata huɗu ina auna ɗumin waya, ina cewa maganaɗisu ne

Har yau in na tuna ranar da layin nan ya fara hawa a allon kwamfuta, sai kunya ta rufe ni. Na kunna lantarki a naɗin wayar tagulla da ke kewaye da ƙwayoyin halittar da nake reno, don ya samar da filin maganaɗisu, ba a jima ba hasken Fura-2, rinin da ake auna kalsiyam da shi, ya nuna kalsiyam na ƙaruwa a cikinsu. Na kashe, ya sauka. Na sake kunnawa, ya hau. Daren nan ko runtsawa ban yi ba.

Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san dalilin zumuɗina. Kalsiyam ɗin da ke cikin ƙwaya in tana hutawa kamar nanomola 100 ne, na wajenta kuwa ya ninka shi sau dubu goma da ɗoriya. In ƙofa ɗaya daga cikin ƙananan ƙofofin da ke fatar ƙwayar ta ɗan buɗe, sai ya kwararo, ƙwayar ta ɗauka saƙo aka aiko mata. Tun shekarun 1970 ake ja-in-ja kan ko rarraunan maganaɗisu zai iya taɓa ƙofofin nan. A 1985 wani masani mai suna Abraham Liboff ya ce in ƙarfin tsayayyen filin maganaɗisu da saurin juyawar wani filin da aka ɗora masa suka dace da juna, kalsiyam zai motsa, masana fiziks da yawa suka ce sam. Ni kuwa ga shi na gani da idona.

Ƙwayoyin da nake kwatantawa da su fa? Suna cikin naɗin, amma a kashe yake. Wautata ke nan, kuma a kanta na ɗora aikin wata huɗu.

Wani dattijo mai gyaran na'urorinmu ne ya tsaya bayana yana kallo, can ya ce, "Ɗana, ka taɓa sa hannu a jikin wayar nan tana aiki?"

Na ce, "Baba, ai lantarkin kaɗan ne."

Bai musa ba. Ya kama yatsana ya ɗora. Da ɗumi, har da wata 'yar karkarwa da ban taɓa lura da ita ba.

Shi ya naɗa mini sabuwar waya, zare biyu tare. In lantarki ya bi su ta fuska ɗaya, fili ya samu. In ya bi su akasin juna, filin ya soke kansa, amma ɗumin yana nan daram. Muka gwada hanya ta biyun. Layin ya hau, kamar ma yana yi mini dariya, alhali ma'auni na nuna babu wani fili sai na duniya, wanda ko ina tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65 yake.

Abin haushin, na san duk wannan a takarda. Na san ƙofar TRPV4 ɗumin da bai kai na jiki ba ma yana buɗe ta. Na san Piezo1 matsi da ja ke buɗe ta. Na san shi kansa rinin, yadda yake riƙe kalsiyam na canzawa da zafi. Da na manna ma'aunin zafi a cikin ruwan da ƙwayoyin ke ciki tun makon farko, da ban kai ga rubuta rabin rahoto ba. Ashe in zuciya ta ƙwallafa rai a kan abu, ido ba ya ganin komai sai shi.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ba ni kaɗai rigimar ta ci ba. A 2016 aka fito da wata ƙofa mai suna Magneto, TRPV4 da aka liƙa wa ma'ajiyar ƙarfe ta feritin don maganaɗisu ya ja ta. A shekarar wani masani mai suna Markus Meister ya yi lissafi, ya nuna jan ya yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da girgizar zafi da ke cikin kowace ƙwaya, kuma daga baya wasu ɗakunan bincike suka maimaita ba su ga komai ba.

Yanzu wani nake sawa ya juya makunnin a ɓoye, ba na sanin wane gwaji ne mai fili, wanne ne babu, sai na gama lissafi. Ina auna filin da fankar akwatin reno ke fitarwa, don ita ma tana da nata. Ma'aunin zafi kuwa cikin ruwan yake kwana. Da aka sanyaya wayar, layin nawa ya kwanta shamɓal, kuma haka na rubuta shi. Baba in ya wuce ta bayana har yanzu sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya.