Zuwa Jidda neman akwatin kwamfuta

Jirgin ƙasan Haramain daga tashar Rusaifa yake tashi a Makka, kuma kafin mutum ya gama gyara zama ya amsa saƙonnin wayarsa an kusa Jidda. A 2018 aka buɗe layin, tsawonsa kilomita 450 har Madina, jirgin kuma yana iya gudun kilomita 300 a awa, amma tsakanin Makka da Jidda babu nisan da zai nuna bajintarsa, tafiyar wajen rabin awa ce. Ta taga ba abin da ake gani sai baƙaƙen duwatsu da busassun kwaruruka.

Ni ne da Autan yayata. Umara na zo daga Kano, na sauka gidansu a bayan Shara Mansur, unguwar da za ka wuni ba ka nemi Larabci ba, domin daga mai tsire har mai shago Hausa suke ji. Da Yaya ta ji yaron zai tafi Jidda da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, sai ta ce mini, "Ka raka shi, ai sana'arka ce. Kada a wanke shi." Gyaran kwamfuta nake yi a Beirut Road.

Kayan ciki ya riga ya tara su ɗaya bayan ɗaya: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 7600, madabod (allon da ake dasa sauran kayan a kai) ƙirar micro-ATX, katin hoto (mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allo) mai fanka biyu, da sauran tarkace. Saura akwatin da za a zuba su da abin da zai sanyaya furosesar. A cikin jirgi ya miƙo mini waya. Akwati ne fari, gilashi a gaba, gilashi a gefe, fitilu shuɗi da ja suna zagayawa, ga bututan ruwa biyu sun sauko daga sama.

"Kawu, wannan nake so. Khalas, na gama zaɓe."

Na ce masa to, mu je mu gani.

Muna fita daga tashar Sulaimaniyya iskar Jidda ta tare mu. Zafin Makka busasshe ne, yana ƙona fata. Na Jidda kuwa jiƙaƙƙe ne saboda Bahar Maliya, nan da nan riga ta manne a baya. Muka ɗauki tasi zuwa titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suka jeru. Mun yi sammakon banza, don yawancinsu sai bayan La'asar suke buɗewa sosai, kasuwar kuma da dare take ci. Muka ci kazar Albaik, wadda a garin nan aka fara ta a 1974, muka yi salla, muka jira.

A shago na farko an ajiye irin akwatin da Auta ke mafarki a kan kanta, a kunne, yana ta walƙiya. Na kama hannunsa na ɗora a gaban akwatin. Fanka uku na juyawa a bayan gilashin, amma tafin hannunsa bai ji motsin iska ko kaɗan ba. Na nuna masa siririyar kafar da aka bari a gefe, wadda yatsa ma da ƙyar zai shiga. Ta nan kaɗai fankokin uku za su ja iska. Tamkar ɗakin kwano ne marar taga a watan Afrilu, ko fanka nawa ka rataya, zafin da ke ciki za su yi ta juyawa.

Bai yarda ba. Ya ce ai abin sanyaya furosesa mai ruwa zai saka, ruwa kuwa ya fi iska sanyi. Wannan magana na saba jin ta a Kano. Abin da matasa ba sa lura da shi shi ne, ruwan ba ya kashe zafi, ɗaukarsa yake yi daga kan furosesa ya kai shi lagireto, a can kuma fanka ce za ta hura shi waje da iskar ɗakin da kake zaune. Ko da iska ko da ruwa, furosesa ba za ta taɓa fin ɗakin sanyi ba, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan haka ita ma za ta ƙara. Masu bidiyon da yake kallo a YouTube a ɗakuna masu sanyi suke gwajinsu. Shi kuwa a Makka yake, garin da a lokacin aikin Hajjin 2024 aka auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma na ga mukayyif ɗin ɗakinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, tsohon na taga ne, Yaya tana kashe shi da rana saboda kuɗin wuta.

A wani shago can ciki muka dace. Ina yi wa Auta faɗa da Hausa sai na ji an ce, "Alhaji, daga Kano ko Zariya?" Mai shagon ne, mutum mai furfura kaɗan a gemu. A Jidda aka haife shi, ya ce kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tsallako teku ta Suwakin. Hausarsa tsohuwa ce, an yayyafa mata ya'ani da ɗayyib. Ya sa aka kawo mana shayi, sannan ya tambayi Auta abin da ni ban tambaya ba: a ina za a ajiye na'urar, kuma hawa na nawa ne gidan? Da ya ji ƙasa ne, kusa da titi, sai ya shiga ciki ya fito da wata kwamfuta da aka kawo masa gyara daga Makka. Ya cire murfin gefe. Ƙura ta yi kirtani a kan fiffiken fanka, tsakanin siraran farantan ƙarfen sanyaya kuma ta toshe kamar auduga. Ya ce mai ita ya ɗauka furosesa ce ta lalace, alhali numfashi ne ya gagare ta.

Daga nan hira ta koma kan awo, kuma a nan ne sabon mai haɗa kwamfuta ya fi yin asara. Madabod ɗin ATX milimita 305 ne a 244, micro-ATX 244 a 244, mini-ITX kuma 170 a 170. Babban akwati yana karɓar ƙaramin madabod, ƙarami ba ya karɓar babba. Bayan wannan akwai lambobi uku da ake dubawa a takardar kowane akwati: tsawon katin hoton da zai iya ɗauka, tsayin abin sanyaya furosesa, da girman lagireton da zai shiga, milimita 240 ne ko 280 ko 360. Mai shagon ya ɗauko Noctua NH-D15, ƙaton abin sanyaya furosesa da iska na wani kamfanin Ostiriya mai tsayin milimita 165, ya cusa a wani siririn akwati, murfi ya ƙi rufuwa. Ya ce irin wannan ne ke dawo da mutane shagonsa washegari da kwali a buɗe, ana rigimar canji. Ya ƙara da cewa idan aka ɗaura lagireto a gaba, yana cinye wani ɓangare na wurin katin hoto, lissafin da ba kowa ke tunawa da shi ba.

Auta ya sake jawo zancen ruwa. Ni dai ra'ayina bai canza ba. Furosesarsa mai watt 65 ce, har da 'yar fankarta take zuwa a kwali, kuma AMD, kamfanin da ya ƙera ta, ya ƙayyade mata digiri 95 a matsayin iyaka. Saka mata lagireto mai fanka uku ɓarnar kuɗi ce. Na ruwa yana da famfo, famfo yana mutuwa, ruwan ma yana raguwa a hankali da shekaru, kuma ranar da ya tsaya sai an sayi sabo gaba ɗaya. Na iska kuwa bututan jan ƙarfe ne da farantai, babu abin da ke motsi sai fanka, idan ta mutu ka sayi wata mai milimita 120 ka maƙala. Wanda yake da furosesa mai cin watt 200 zuwa sama yana da hujjar neman ruwa. Auta ba shi da ita.

Aka yi sulhu. Ya samu gilashinsa a gefe ɗaya, da fankoki masu fitila, don kada a ce Kawu ya hana yaro jin daɗin kuɗinsa. Ni kuma na samu gaba mai raga, da matatar ƙura a gaba da sama da ƙasa, irin wadda ake zarewa a wanke. Fanka biyu masu milimita 140 a gaba suna jawo iska, ɗaya mai 120 a baya tana fitarwa. Dalilin rinjayar da masu shigarwa shi ne, idan iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, rarar ta kan kafofi take tsiyayewa waje, ƙura ba ta samun hanyar satar shiga sai ta matata. Babbar fanka kuma tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu ba, don haka ƙararta kaɗan ce, abin da ƙannen babansa da ke kwana a ɗakin za su gode wa. Abin sanyaya furosesa muka ɗauki mai hasumiya ɗaya. Mai shagon ya juya gindinsa ya nuna wa Auta siririyar ledar da ke manne a wurin, ya ce ya ɓare ta kafin ya ɗiga man da ake shafawa tsakanin gindin da furosesa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Farashi ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun 2020, amma ya yi mana ragin 'yan uwantaka, ya ƙara mana da igiyoyin ɗaure waya.

Kwalin ya yi girman da ba mu so mu yi jayayya da ma'aikatan jirgi a kansa ba, sai muka nemi motar haya mai zuwa Makka. But ɗin cike yake da kayan wasu, direban ya ce kwali kujera guda ne, a biya masa. Auta ya ce a cinyarsa zai ɗora. Haka aka yi, tun daga Jidda har muka wuce Bahra, muka wuce shingen Shumaisi inda waɗanda ba Musulmi ba ke ratsewa, muka bi ta ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a kan marfa'a, wato abin da ake ɗora shi a kai, ban ga fuskarsa ba sai kunnensa ta gefen kwali.

A gida wata rigimar ta taso. Auta ya riga ya share wa na'urar wuri a ƙasa, kan kafet, ƙarƙashin taga. Na ce sam, kafet zai toshe kafar da akwatin wuta, mai rarraba wa kayan ciki lantarki, ke shaƙar iska ta ƙasa, taga kuma ita ce ƙofar ƙura. Tebur ɗaya ne mai ƙarfi a gidan, shi ne na keken ɗinkin Yaya. Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta ce ita raka shi ta ce in yi, ba ta ce in zo in tashe ta daga sana'arta ba. Washegari da safe muka nufi wajen wani kafinta a Misfala da awon akwatin a rubuce a bayan rasit.